Daga Kwari zuwa Gaban Tela: Yadda Sabon Yayi Ke Yawo a Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi waɗannan atamfofi guda biyu da kyau. Zanen iri ɗaya ne, kalar ma iri ɗaya, kowacce turmi guda, yadi shida. Idan aka ɗinka su aka shiga gidan biki, daga nesa ba mai raba su. Amma kuɗin ta hannun dama zai sayo irin ta hagu har da canji mai yawa, kuma dukansu a layi ɗaya aka saye su, a Kantin Kwari. To ina bambancin yake? Kuma me ya sa atamfar da aka yi ta rububi a kanta da ƙaramar Salla, take zama ta kowa da kowa kafin babbar Salla? Yau za mu bi sawun sabon yayi, tun daga inda aka buga shi har ya iso gaban tela.

Mu fara da kasuwar kanta. Kantin Kwari tana ƙaramar hukumar Fagge, kuma ita ake yawan kira babbar kasuwar tufafi ta Afirka ta Yamma. A zamanin Turawa nan ne wurin da 'yan kasuwar Siriya da Labanan suke da kantunansu, daga baya Kanawa suka cika wurin. In ka shigo da hantsi za ka ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram, ka ji Larabcin Cadi, ka ji Fulatancin Kamaru, duk sari suka zo yi. Shi ya sa lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agusta na 2023, 'yan Kwari na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu, har aka buɗe a watan Maris na 2024.

Harkar tufafi ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. A wancan lokacin mu ke yi, wasu su zo su saya. Ko bayan zuwan inji ba mu zauna haka ba: an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, Kano ma ta yi nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri suka durƙusar da akasarinsu. Yau in ka ɗaga turmi goma a Kwari, da wuya ka samu wanda bai hau jirgin ruwa ba.

To daga ina suke zuwa?

Atamfar da mata ke kira Holan, ko Sufa, ta kamfanin Vlisco ce, a wani gari mai suna Helmond a ƙasar Holan, kamfanin da ya faro tun 1846. Asalin fasahar ma ba tasu ba ce, kwaikwayon rinin mutanen Jawa ne na ƙasar Indunusiya, da suke shafa kakin zuma a jikin yadi don kada rini ya kama wani wurin. Turawa suka mayar da abin na inji, sai ya samu kasuwa a Afirka ta Yamma, ya zauna daram. Ita kuma shaddar da maza ke tinƙaho da ita, gezna, sunan kamfanin Getzner ne na garin Bludenz a ƙasar Ostiriya. Wani abin dariya, leshin da muke ce wa na Suwis, da yawansa a Lustenau ake yin sa, a jiha ɗaya da Bludenz ɗin. Wato ango da amarya, shi da geznarsa ita da leshinta, ba mamaki daga wani ɗan lungu guda na Turai kayansu suka fito.

Wannan shi ne saman kasuwa, na masu hali. Amma abin da ya cika shaguna daga Sin yake zuwa. Ɗan kasuwar Kwari zai ga zanen da ya karɓu, ya ɗauki hotonsa ko ya yanki ƙyalle, ya aika wa abokin hulɗarsa a Guangzhou, a buga masa kwantena guda. Wani ma shi yake zaɓar zanensa da kalarsa, ya sa nasa sunan a baki. Kar ku ɗauka duk abin da ya fito daga Sin jabu ne. Akwai irin su Hitarget da suke fitowa da sunansu ƙarara, kuma mata sun san matsayinsu. Matsalar tana wurin wadda aka buga a can, aka manna mata takardar wani kamfani daban, aka ce miki Holan ce.

A nan ne sabon yayi yake samun shekarunsa, in ma za a kira su shekaru, don watanni ne. Zane zai sauka a hannun manyan diloli kaɗan, da tsada. Wata amarya ta fitar da shi anko, ko wata da ake kallo a TikTok ta sa shi, sai kowa ya shiga nema. A wannan gaɓar mai shago ba ya ragi, don ya san in kin fita wata za ta shigo. Kafin a jima kwafin farko ya iso, mai ɗan kyau, sai na biyu mai araha ya biyo baya, har zanen ya sauko kan teburan bakin layi. Ranar da Hajiya ta ga irin atamfarta a jikin yarinya mai tallan gyaɗa, ranar yayin ya mutu a wurinta, ko da tata ba ta ga ruwa sau biyu ba. Ni dai a ganina, rabin kuɗin sabon yayi ba na yadi ba ne, na riga wasu sawa ne. In wannan kike so ki saya, ba laifi, kuɗinki ne. Amma ki san shi kika saya.

Yanzu bari mu koma kan atamfofin nan biyu, mu ga yadda ake gane su da hannu.

Abu na farko, a warware turmin a juya bayansa. Atamfar kaki ta gaske rini yana ratsa ta, ciki da waje kusan ɗaya ne. Wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kawai, bayanta za ki gan shi fari-fari, kamar an wanke shi ya koɗe. Kun ga ta hagun nan? Ga bayanta. Sai a kama gefe a murza tsakanin yatsu. In sitaci ne ya ba ta kauri, za ki ji ta saki, wani lokaci har ɗan gari ya fito a yatsa, kuma wanki ɗaya zai tona mata asiri. Auduga zalla tana da laushi da ɗan nauyi, mai haɗin roba kuwa santsi gare ta, kuma a zafin Kano na watan Afrilu jikinki ne zai ba ki labari. Sai a duba baki, inda ake rubuta sunan kamfani da lambar zane. Takardar da aka manna a sama kada ki ba ta amana da yawa, don takarda ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo. Kuma don Allah a fito da yadin waje a gani a hasken rana. Fitilun cikin shago suna yi wa kala kwalliya.

Maza, ku ma ga taku. Shadda mai kyau ƙyallinta a cikin saƙar yake, in ka karkata ta za ka ga furen yana fitowa yana ɓuya. Ta banza kuwa shafa mata ƙyallin aka yi a sama, ranar da ta shiga hannun mai wanki ranar ta zama zanen gado. In farar shadda ce kake son rini, ga marinar Ƙofar Mata nan, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ga kuma rinin Mali da ake kawowa daga Bamako. Masu bugu suna nan da sandunansu suna fito wa shadda da ƙyalli kamar yadda kakanninsu suka yi.

Sai ciniki. Da ka sa ƙafa a bakin kasuwa wani matashi zai tare ka: «Alhaji me ake nema? Zo mu je, akwai shi a shagonmu.» Sau da yawa ba shi da shago. Ɗan kayi-nayi ne, zai kai ka wurin mai kaya, a ɗora la'adarsa a kan kuɗin da za ka biya. Ba ɓarawo ba ne, sana'arsa ke nan, kuma ga baƙon da bai san layi ba yana rage masa yawo. Sai dai ka san da shi a cikin lissafi. In mai shago ya faɗi kuɗi, ka taya. Ya ce «albarka», ka ƙara kaɗan. Ya sake cewa albarka, ka yi godiya ka juya. In da riba a tayinka, kafin ka kai shago na uku za ka ji «Alhaji dawo, kawo kuɗin.» In ba a kira ka ba, to tayinka ne ya yi ƙasa, ka samu darasi kyauta. Kuma farashin sari daban, na ɗai-ɗai daban, shi ya sa masu haɗa lefe da masu anko suke haɗa kuɗi su ɗauka a dunƙule.

Za ku ji 'yan kasuwa suna ta ambaton dala, har abin ya zama kamar waƙa. Akwai gaskiya a ciki. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan da aka sayo da kuɗin waje dole su bi. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne yadda labarin tashin dala yake isowa shago da safe, na saukarta kuma ya yi wata yana hanya.

Ba kowa ne yake shiga Kwari ba yanzu. Matan aure da yawa daga ɗakinsu suke kasuwanci: su ɗauki hoton kaya a shagon dila, su sa a WhatsApp ko Instagram, in an tura kuɗi su aika a karɓo, a ba ɗan sahu ya kai, ko a sa a mota a tasha in wani gari ne. Abaya 'yar Dubai, mayafai, lafaya irin ta matan Barno da Cadi da Sudan wadda yanzu amaren Kano suka rungume, duk ta nan suke yawo. Harkar ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma hoto ba ya nuna bayan atamfa, kuma ba ya murzuwa. Ni da kaina na taɓa saya wa mai ɗakina leshi ta waya, a hoto ruwan zuma ne mai kyau, da aka kawo sai ga shi kamar ruwan kwata. Ki ce a yi miki bidiyo a tsakar gida, da rana, a juya miki ciki da waje. Mai kayan kirki ba za ta ji haushi ba.

Akwai kuma wata hanyar samun sabon abu da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, wato gwanjo. A Ƙofar Wambai ake kwance dilolin gwanjo, wato manyan ɗaurin kaya, kuma duk da cewa a takarda gwamnati ta hana shigo da tsofaffin tufafi, ga su nan tsibi-tsibi. Sirrin gwanjo sammako ne. Wanda yake tsaye lokacin da aka yanke igiyar dila shi yake tsintar na farko, rigar sanyi ko wandon da ko a manyan shagunan Zoo Road ba za ka ga irinsa ba. Wanda ya zo da la'asar sai dai ya tona ragowa. Da sanyin hunturu ya kawo kai, har masu gezna za ka gani a wurin sun sunkuya, hula a karkace.

To an sayi yadi, saura wanda komai yake hannunsa: tela. Duk tsadar shadda, in ɗinki ya karkace an yi asara, kuma atamfa mai araha in ta samu hannu mai kyau sai ta fi ta masu kuɗi fitowa. Ka tambayi telanka yadi nawa ɗinkin zai ci tun kafin ka shiga kasuwa, don babbar riga da 'yar ciki da wando ba irin cin kaftani suke yi ba. In hoton ɗinki za ki nuna masa, ki tambaye shi ko ya taɓa yin irinsa, ya nuna miki, don tela ba ya cewa bai iya ba. Batun lokaci kuwa, duk wanda ya kai ɗinkin Salla bayan azumi ya kai goma, ya sa hannu a takardar haƙuri. Nawa telan, shekarun baya, tun watan Sha'aban na kai masa. Kullum na je sai ya ce «Yallabai saura aiki a wuya kawai, gobe in Allah Ya yarda.» Daren Salla ƙarfe ɗaya ina zaune a benci a ƙofar shagonsa, mu wajen takwas, janareta na ta ƙara, kowa ya zuba wa allura ido. Da ya zaro tawa daga ƙarƙashin tebur, ko almakashi bai taɓa ta ba.