Kiɗa 16, Murya 24: Za Su Zauna a Waƙa Ɗaya?

Assalamu alaikum 'yan situdiyo. Tambayar nan ta yi ta zuwa mana a makon nan, har muka ga gara mu zauna mu warware ta gaba ɗaya. An turo maka kiɗa a 16-bit, kai kuma ka ɗauki muryar mawaƙi a 24-bit. Za su haɗu? Ko sai ka mayar da su iri ɗaya tukuna?

Kafin mu shiga, bit ɗin da muke magana a kai daban yake da bit ɗin da furodusa yake bugawa mawaƙi ya hau. Wancan kiɗa ne, wannan kuma ma'auni ne.

Ga amsar a taƙaice: za su haɗu lafiya ƙalau. Ku duba allon nan. Na jawo fayil ɗin kiɗa, na jawo na murya, na kunna. Kun ji? Babu wata matsala. Manhajojin haɗa sauti irin su FL Studio, Cubase, Reaper, har Audacity na kyauta, dukkansu idan sauti ya shiga cikinsu suna lissafinsa ne a wani babban ma'auni mai 32-bit ko 64-bit. Kowa ya zo da nasa, a ciki ake daidaita su.

To mene ne lambobin? 16-bit yana auna ƙarfin sauti da matakai 65,536, shi ne ma'aunin faifan CD tun fitowarsa a 1982. 24-bit kuwa matakansa sun haura miliyan 16. Kowane bit ɗaya yana ƙara wajen desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka 16 yana ba ka kusan 96, 24 kuma 144 a lissafi. Tazara ke nan tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi sanyi da fayil zai iya riƙewa.

Yanzu ga inda ake tuntuɓe, kuma a nan zan daɗe.

Mutum zai ce, tunda kiɗan 16 ne, bari in sauko da muryar ita ma ta koma 16 su yi daidai. Don Allah ɗan'uwa kar ka yi haka. Ka ɗauka 24-bit kamar littafin ɗan kasuwa ne da yake rubuta naira har da kwabo, 16-bit kuma naira kawai yake rubutawa. Idan ka kai 16 zuwa 24, ka rubuta 500 ne a matsayin 500.00. Ba ka ƙaru ba, ba ka ragu ba. Shi ya sa masu ɗaga tsohon fayil zuwa 24 wai don ya ƙara kyau suke cika kwamfutarsu a banza. Amma idan ka sauko daga 24 zuwa 16, kwabban nan ka zubar, kuma ba za su dawo ba. Daga baya ka zo ka ƙara wa muryar ƙarfi, ka matse ta, ka sa mata amsa-kuwwa, duk abin da ka lalata sai ya taso tare da ita.

Ku sa abin sauraro a kunne. Wannan ƙarshen waƙa ne, inda murya take dusashewa a hankali. Na ƙara ƙarfinsa sosai don ku ji. Ga na farko, wanda aka datse zuwa 16 kai tsaye.

Kun ji wannan ƙas-ƙas ɗin, kamar ana taka busasshen ganye, sannan sautin ya yanke kwatsam? Ga na biyu.

Sai wani ɗan shuu mai laushi, muryar tana nutsewa a cikinsa har ta ɓace. Bambancinsu abu ɗaya ne, ana kiransa dita. A allonku za ku ga an rubuta Dither ko Dithering.

Abin da dita yake yi yana ba ni mamaki har yau. Ƙara ce 'yar mitsitsiya ake zubawa da gangan kafin a datse. Mu koma kan ɗan kasuwarmu. Idan kullum hanya ɗaya yake bi wajen zubar da kwabo, kuskurensa zai riƙa bin cinikin sau da ƙafa, kuma kunne yana saurin kama kuskure mai tsari. Dita yana sa wani lokaci a cika, wani lokaci a rage, ba tare da tsari ba. Sai kuskuren ya watse ya zama shuu ɗin nan, wajen desibel 90 ƙasa da ƙololuwar waƙa. A cikin mota ko a wayar hannu ba mai jin sa.

Sau ɗaya ake sa shi, a matakin ƙarshe, lokacin da za ka fitar da waƙar a 16-bit. A FL Studio yana cikin tagar fitarwa, ga shi nan ina nunawa. A Cubase ana ɗora shi a can ƙarshen layin masta, wato layin da duk sautukan waƙar suke haɗuwa, kada wani abu ya biyo bayansa. Idan kuma wani za ka tura wa ya ƙarasa aikin, tura masa a 24 ko 32, ka bar masa dita. Ni a ra'ayina, waƙar biki mai ganga da ƙarfi daga farko har ƙarshe, da wuya wani ya gane ko ka sa. Amma karatun Alƙur'ani, ko bege da murya zalla, ko hira mai yawan shiru, a nan ake jin sa, kuma danna maɓalli ɗaya ne kawai.

Saura abu ɗaya da sauri, don ana yawan rikita su. Lambar nan ta 44.1 da 48 da ake gani a jikin fayil wata magana ce daban, yawan awon da ake yi wa sauti ne a daƙiƙa, wato sau 44,100 ko 48,000. Ita ce take iya ɓata maka aiki a fili. Fayil ɗin 48 idan aka kunna shi a 44.1 ba tare da juyawa ba, murya za ta yi kauri, waƙar minti 4 ta ƙaru da daƙiƙa 21. Yawancin manhajoji suna juyawa da kansu, wasu kuma sai sun tambaye ka. Idan tagar nan ta fito, ka amsa da e. Idan kuma aikin na fim ne, fara shi a 48 tun daga farko.