Fodkas: Yadda Shaihu Umar Ke Taɓa Zuciyar Mai Karatu

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Bauchin Yakubu. Ina tare da Malam da Hajiya. Malam, tambayar da na kwana da ita ke nan: takarda ce da tawada, to me ya sa mutum zai karanta labari ya ji ƙwalla ta cika masa ido?

Malam: Auta, ai ba sai mun je nesa ba. Ɗauki littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu. Ya rubuta shi ne don gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Dubi wanda ya ba wa bakin magana. Shaihu Umar ɗin ne da kansa, dattijon malami a garin Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su labari cikin natsuwa.

Auta: To ai tun farko mun san ya tsira ke nan. Ina fargabar?

Malam: Nan gwanintar take. Ya ɗauke maka fargabar mutuwar yaron, ya bar ka da wata tambaya mai nauyi: me aka rasa a hanya? Kuma mutumin da aka sace yana ƙarami yana faɗa maka ba kuka, ba kururuwa. Tunda shi bai yi kukan ba, sai kai mai karatu ka yi masa.

Hajiya: Malam, ka gafarce ni, ni ba Umar ne ya karya mini zuciya ba. Uwarsa ce. Marubucin yakan ajiye yaron cikin jin daɗi a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, yana ta karatu, sai ya juya da mu wajen matar nan da ta bar gida ta bi sahun ɗanta har ta faɗa bauta a ƙetaren Sahara. Kana ganin ɗan ya ƙoshi, kana ganin uwar tana wahala, kuma babu wanda ya san halin da ɗayan yake ciki sai kai. Wallahi duk uwar da ɗanta ya taɓa ɓace mata a kasuwar Wunti, ko na ɗan lokaci ne, ta san wannan bugun ƙirjin.

Auta: Kuma da suka haɗu...

Hajiya: Ba ta daɗe ba ta rasu. Bai ja zancen ba, bai cika mu da bayani ba. Da ya tsawaita, da zafin ya huce.

Malam: Haka ne, Hajiya.

Hajiya: Amma akwai inda nake da ja. Ya sa Balaraben da ya tafi da yaron ya zama mutumin kirki, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Yaro ɗan sakandare zai iya rufe littafin yana cewa ashe bauta ma tana da alheri. Wannan yana damuna ƙwarai.

Malam: Damuwarki tana kan hanya. Sai dai ni ina ganin da gangan ya jera su biyun. Ilimin da Umar ya samu, da ran uwarsa aka biya. Wanda ya karanta da hankali ba zai fita yana yabon bauta ba.

Hajiya: Wanda ya karanta da hankali fa ka ce. Shi ya sa nake roƙon malaman Hausa, idan sun zo wannan littafi a aji, su tsaya a kan uwar nan, su tambayi yara wa ya sayar da ita, wa ya saya, wa ya yi shiru.

Auta: Malam, a 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim. Shin kallo yana yin abin da karatu ke yi?

Malam: Fim yana nuna maka fuskar uwar. Littafi kuwa kai ne za ka ba ta fuska, kuma yawancinmu ta mahaifiyarmu muke ba ta. Amma wannan zance ne mai tsawo, lokaci kuma ya ƙure.

Auta: To mu ajiye shi sai mako mai zuwa. Hajiya, ke za ki buɗe mana in Allah ya kai mu.

Hajiya: Da yardar Allah. A gaida gida.