Wane editan ake zagi? Aikin mai gyaran labarin fim

[Hoto: gadar Binuwai a Garwa ta Kamaru, masu babur na wucewa]

Jama'a, salamu alaikum. Kwana biyu ana ta cacar baki a WhatsApp kan wani ɗan fim da samarinmu suka yi. Wai labarin ba kai ba gindi, kowa sai zagin edita yake. To wane editan?

[Hoto: saurayi gaban kwamfuta]

Wannan mai montaj ne, shi ke yanka hotuna ya haɗa bayan an gama ɗauka. Ga kuma mai riƙe da littafi a wurin ɗauka, tana lura kada hular jarumi ta canza launi tsakanin fitowa da fitowa. Duk ba su nake nufi ba.

[Hoto: tarin takardu da jan biro]

Namu tun ba a kunna kyamara ba yake shigowa. Marubuci ya kawo senariyo (rubutaccen labarin fim) shafi 90, wato fim na kusan minti 90, don a ƙa'ida shafi ɗaya minti ɗaya ne. Furodusa ya miƙa wa mai gyaran labari.

To a nan ake ɓata. Ba ya ƙwace alƙalamin marubuci. Tambaya yake yi.

Misali, a shafi na 12, kawu ya rantse ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ba mai babur 'yarsa ba. Shafi na 70, ga shi da babbar riga yana rabon goro wurin ɗaurin aure. Sai mai gyara ya rubuta a gefen takarda: "Malam, me ya sauko da kawu?" Shi ke nan. Ko yana da amsa a bakinsa, haɗiye ta zai yi, don in ya rubuta da hannunsa muryar mai labarin ta ɓace. Wanda ake biya ya sake rubutu daban ne, Turawa na ce masa likitan labari.

Kuma don Allah, ba a toshe irin wannan rami da waƙa. Mun gaji.

[Hoto: babbar kasuwar Marwa]

Zai duba harshe ma. A nan mutum ɗaya yana ciniki da Fulatanci, ya yi waya da Faransanci, ya yi faɗa da Hausa. Wa ke magana da wa, da wane baki?

Sai rubutu na biyu, na uku. Masu ba da tallafi, kamar asusun fina-finai na ƙungiyar ƙasashe masu magana da Faransanci, takarda suke fara karantawa. Mai burin FESPACO, bikin fina-finan da ake yi a Wagadugu tun 1969, daga nan yake farawa.

[Hoto: babur cikin dare, fitila ɗaya]

Kawu kuwa? A rubutu na uku marubucin ya dawo da shafi na 45: tsakar dare, ciwo ya turnuƙe tsohon, kuma babur ɗaya ne a unguwar.