Jawabin maraba ga Mai girma Kwamishina daga kwamitin ɗaliban fiziks

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai girma Kwamishina, barka da zuwa, sannu da hanya. Hidimarka ga ilimi ba sai mun faɗa ba, kowa a jihar nan shaida ne, don haka bari mu fara da abin da ke cin ranmu: sola muke roƙo, da batura, da babbar kwamfuta guda ɗaya.

Wannan sashe kam ba baƙo ba ne, malaman fiziks da dama a sakandaren garin nan daga nan suka fito, amma wallahi an manta da mu, an sha zuwa a auna rufin nan a ce za a sa sola, shiru kake ji har yau.

A ɗan ɗakin nan muke nazarin nutirino, wata ƙanƙanuwar ƙwaya da ke ratsa duniya da ƙyar ta taɓa wani abu, kuma tana sauya iri a kan hanya, abin da Super-Kamiokande ta Japan ta nuna a 1998, har Takaaki Kajita da Arthur McDonald suka ci kyautar Nobel a 2015. A gwajin T2K na Japan ana harbo wani irin nutirino da ake kira na muwon daga garin Tokai, a jira a Kamioka, kilomita 295, a ƙirga nawa suka koma irin na ilektron, wanda ake gane shi idan ya yi karo ya fitar da ilektron. To matsalar ranka ya daɗe ita ce wasu ƙwayoyi masu kama da ilektron a idon na'ura. Wani lokaci nutirino ya bugi cibiyar atom ya fitar da wata ƙwaya marar caji mai suna fayon, shi kuma fayon ya rabe zuwa foton biyu, wato ƙwayoyin haske, in ɗaya ya ɓace wa na'ura ko suka haɗe, sai ka rantse ilektron ne. Akwai ma wanda ya fi wannan ƙaranci, inda ƙwayar Delta ke sakin foton ɗaya tak. Na'urar MiniBooNE a cibiyar bincike ta Fermilab ta Amurka, tankin mai ne na tan 800 da ba ya bambance ilektron da foton, ta ga rarar masu kama da ilektron da ta wuce lissafi aka shekara da shekaru ana gardama. Sai wata na'ura, MicroBooNE, ta zo da ruwan agon, wato iskar agon da aka sanyaya ta zama ruwa, mai nuna sawun ƙwayoyi sarai, ilektron daga inda aka yi karo yake farawa, foton kuwa sai ya bar ɗan giɓi tukuna, kuma a 2021 suka ce ba su ga rarar ilektron ba, Delta ma ba ta isa ta bayyana rarar MiniBooNE ba.

Hotunan kwaikwayo da masu MicroBooNE suka saki kyauta a intanet da su muke koya wa kwamfuta gane wannan giɓi na foton. Makon jiya wata ɗalibarmu ta bar aiki yana tafiya ta tafi gida, tsakar dare aka ɗauke wuta, da safe ta tarar da allo baƙi ƙirin, aikin kwana uku ya tafi, ta zauna ta yi tagumi.

Ranka ya daɗe, ko kwamfutar za ta jira, a taimaka mana da solar nan. Ga takardar lissafin kuɗin a hannun shugaban kwamiti. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya.