Ɗinkin da ke ƙeyar ƙanwata

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, gaisuwa daga Alƙahira. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ɗinkin a ƙeya? Ƙanwata ce, yau kwananta 9 da tiyata.

Shekara uku tana fama da ciwon kai a gida, can Ƙofar Marusa. Da ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, sai ta dafe ƙeya kamar an sauke mata taɓarya. Yarinyar da muryarta ke cika gidan biki ta koma murmushi kawai. An sha maganin kyamis, an sha rubutu, gwaggonmu ta rantse iska ce. Hoton asibiti na MRI, wanda ke nuna cikin kai, shi ne ya raba gardama.

Ana ce wa lalurar Chiari, sunan likitan Ostiriya da ya bayyana ta a 1891. Ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke zamewa ya cusa kai cikin ramin gindin ƙoƙon kai, inda laka ke fita. Ma'aunin likitoci shi ne zamewar ta kai milimita 5, ɗan mitsitsi, amma ya isa ya tare ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa. Ita har ruwan ya taru a lakarta. Wanda abin bai dame shi ba ma sa ido kawai ake yi.

Da na ji "aikin ƙwaƙwalwa" cikina ya ɗuri ruwa. Ashe wuri ake faɗaɗa mata. Sun cire ɗan ƙashin ƙeya da bayan ƙashin wuya na farko, suka buɗe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa suka yi masa faci. Fargabar yanzu kada ruwan ya tsiyayo ta ɗinkin, ko sanƙarau ya shiga. Ni kam kullum asuba matashinta nake fara shafawa, ko ya jiƙe.

Jiya ta yi atishawa. Ta tsaya cak tana jiran taɓaryar. Shiru! Wuyan dai a sanƙare yake, kuma yatsunta na hagu ba sa bambance ruwan zafi da na sanyi. Likita bai ɓoye mana ba, jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta dawo duka ba, sai an sake hoto nan da watanni.

Inna, na san kina kallo. Ga ta nan tana ɗaga miki hannu, wai fura take marmari.