Amsoshin tambayoyinku: saka sabon GDB a sarbar da ba taka ba

Jama'a barkanmu da war haka daga nan Yamai, yau saƙonni biyu za mu iya ɗauka, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Na farko daga wani ɗalibi ne a Harobanda, ya ce GDB ɗin da ke sarbar labo ɗinsu, wato babbar kwamfutar da suke aiki a kanta tare, tsoho ne, shi sabo yake so kuma abokan karatunsa ma su samu, amma mai kula da sarbar ya hana shi izinin root, wato cikakken iko a kan mashin ɗin, to yaya zai yi?

To ƙanena, mai kula ɗin nan yana da gaskiya fa, ni ma da ni ne ba zan ba ka ba. Ga waɗanda ba su sani ba, GDB manhaja ce ta farautar kuskure cikin program, tana tsayar da shi layi layi ka ga inda ya karye, Richard Stallman ne ya fara rubuta ta a 1986. Kai ba ka buƙatar taɓa wadda ke cikin mashin ɗin sam. Ka sauko da kod ɗin, ka ce 14.2, ka buɗe wani dosiye daban na gini, sai configure tare da --prefix da ke nuna wani wuri a dosiyenka na home, misali $HOME/apps/gdb/14.2, sai make sai make install. Amma duba tukuna ko akwai GMP da MPFR, laburaren lissafi ne da GDB ke dogara da su, daga 14 in babu su configure zai tsaya maka, nan ne mutane da yawa ke cewa abin ya ƙi.

Sai modul, wato abin da zai nuna wa mashin inda sabon GDB ɗinka yake don kai da abokanka ku loda shi, ɗan fayil ne kawai, bai kai layi goma ba. Layin farko #%Module, sannan prepend-path PATH zuwa bin ɗinka, haka MANPATH, ka ƙara conflict gdb kada wani ya loda biyu lokaci guda. Ka ajiye shi a modulefiles/gdb da suna 14.2, lambar ita ce sunan fayil ɗin, kar ka sa mai "sabo" don baɗi ba sabo ba ne. Abokanka su buga module use da hanyar dosiyen, sai module load gdb/14.2, in sun gama module unload komai ya koma yadda yake. Ka tuna ka buɗe masu izinin karanta dosiyen, in ba haka ba module avail ba zai nuna masu komai ba su zo suna kiranka tsakar dare. Dabarar ma ba ta yau ba ce, tun 1991 John Furlani ya fito da ita, kuma ko Lmod ce a sarbarku, wata manhajar modul mai amfani da yaren Lua, tana karanta fayil ɗin yaren Tcl irin wannan.

Na biyu wata malama ce daga Tahoua, ta ce modul ya lodu lafiya lau amma GDB ba ya nuna mata layukan kod ɗinta. Malama laifin ba na modul ba ne, ki sake haɗa program ɗin da gcc -g, ki ƙara -O0 don kada ya riƙa tsallake layuka. In har yanzu shiru, buga which gdb ki turo mana abin da ya fito.