Shafi Ɗaya Kowace Rana: Lacca kan Zane da Fentin Ruwa

(An rubuto wannan lacca daga rikodin zaman da aka yi da ɗalibai masu koyon zane. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, malamai abokan aiki, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Na hango na baya sun fara fifita da takardunsu, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi mani ita ce, "Malam, yaya zan yi hannuna ya faɗa?" Ni kuwa a ganina hannu ba shi da laifi. Hannun da ya iya ɗaurin ɗankwali, ya iya naɗin rawani, ya iya sa zare a allura, ya isa ya yi zane. Ido ne ke ha'intar ku. In na ce kowa ya zana mani buta yanzu, cikin minti biyu za ku gama, kuma duk butocin za su yi kama da juna, domin butar da ke cikin kai kuka zana. Amma in na ajiye buta ta gaske a kan teburin nan, sai a fara jayayya. Bakinta da kuke zagayewa kamar kwabo, daga inda kuke zaune a matse yake, ya yi tsawo ta gefe. Hancinta ya fito ƙasa da inda kuke zato. Inuwarta ba baƙa ba ce, akwai shuɗi-shuɗi a cikinta. Duk amfanin zane kullum a nan yake: ido ya daina kintace, ya koyi tsayawa ya duba. Kuma wannan hali ba ya zama da mutum in ya sake shi. Wanda ya yi karatun allo ya san abin da ke samun harda in aka yi mako biyu ba tilawa. To haka ido yake.

Akwai wani mai zane na Ingila, Turner, wanda ya rasu a 1851. Abin da ya bar wa ƙasarsa ya haɗa da littattafan zane kusan 300 da zane-zanen takarda wajen 30,000, suna ajiye a gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan. In ka ga hotunan shafukan nan za ka yi mamaki, domin da yawansu ba abin a rataya a bango ba ne. Layi uku na fensir, wai tsauni ke nan. Goga ɗaya ta ruwan toka, wai hadari. Mutumin da ake kira gwanin haske da sararin sama, yawancin abin da ya zana 'yan guntaye ne da ya yi a tsaye, a bakin hanya ko cikin jirgin ruwa. A Japan kuma, mai zane Hokusai ya haura shekara 80 lokacin da ya ɗora wa kansa zana zaki ɗaya kowace safiya, a 1842 zuwa 1843.

Amma wanda nake so mu ɗan tsaya a kansa namu ne na kusa, Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne, kuma rubutun allo bai taɓa barin zanensa ba. Ya yi karatu a Landan, ya dawo gida, har ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar al'adu. A 1975, zamanin shugaban ƙasa Numeiri, aka zarge shi da hannu a yunƙurin juyin mulki, aka kulle shi a kurkukun Kober sama da wata shida ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A can an hana takarda da abin rubutu. Me ya yi? Ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, yana zane a kai da guntun fensir da ya ɓoye, in ya ji motsin gandiroba sai ya binne a cikin yashi. Ku lura da abin da ya biyo baya, domin shi ne darasin. Ƙanƙantar takardar ta canza masa salon aiki gaba ɗaya. Ya koma fara zane daga ɗan ƙwaya guda a tsakiya, sannan ya ƙara takarda a gefe, ya ƙara wata, hoton yana yaɗuwa har ya zama babba. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya, ya kasa tsayuwa gaban babban allo, sai ya ci gaba da zane a bayan kwalayen magungunan da yake sha. A 2013 gidan zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin ayyukan rayuwarsa. To, ɗalibin da zai ce mani bai yi zane jiya ba saboda ba shi da takarda mai kyau, ina jin ya san amsar da zan ba shi. (Dariya.)

Yanzu yadda za a yi. Ku sami ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu ko jaka. Babban littafi mai tsada tsoro yake ba mutum, sai ka ga an ajiye shi ana jiran ranar da za a iya. Ku ɗaure zanen a jikin wani abu da ba ku fashinsa, bayan asuba kafin gida ya tashi, ko bayan la'asar lokacin da inuwa ta yi tsawo, abubuwa suka fito da siffarsu. Minti goma sha biyar ya wadatar. Ku rubuta kwanan wata a kowane shafi, kuma kada ku yage ko ɗaya. Shafin da ya ba ku kunya yau, shi ne zai nuna maku tafiyar da kuka yi nan da wata uku. Abin zanawa kuwa yana gabanku: albasa da aka raba biyu, tulu, takalmin da aka cire a bakin ƙofa, keken ɗinki, zankon soro, kukar da ke bayan makaranta. Ni na fi son ɗalibi ya riƙe abu ɗaya ya zana shi mako guda cur. Ranar farko yana zana suna ne. Sai wajen rana ta huɗu, bayan ya gaji da abin, yake fara ganin tsagar da ke gindin tulun da yadda haske ke zamewa a kafaɗarsa.

Wasu daga cikinku na san suna da wata damuwa a zuciya, game da zana abu mai rai. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Abin da zan tunatar kawai shi ne ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda wani mai sana'ar hoto ya zo wa Ibn Abbas, ya nuna masa ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗin gaske. Mutum zai ƙare rayuwarsa bai gama da ganye da gini da gajimare ba.

Mu zo kan fentin ruwa. Kun san abin da ke cikinsa? Garin launi ne da ƙaro. Ƙaron nan dai na jikin dakwara, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa, ake kuma samu a Chadi da Borno da Yobe da Jigawa. Ana ƙara masa ɗan gilisarin ko zuma don kada ya bushe ya tsattsage. Wato ɗan akwatin fentin da kuke saye da tsada, wanda aka yi a Turai, abin da ya riƙe launinsa daga yankinmu aka kwasa. Kuma almajirin da ke haɗa tawada da ƙaro, da mai zayyanar allon sauka, sun daɗe a wannan sana'a. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tawada ke kauri in ƙaro ya yi yawa, ta yi ruwa in an cika ruwa, ya riga ya san rabin karatun.

Dalilin da ya sa nake matsa wa ɗalibai su haɗa fensir da fentin ruwa shi ne, fensir yana lallashi. Ka yi, ka goge, ka sake, ba ka taɓa yanke shawara ba. Fentin ruwa ba ya gogewa. Farin da ke cikin hoton farin takarda ne da ka bari, saboda haka tun kafin burushi ya taɓa ruwa dole ka san inda haske yake, ka kewaye shi. Daga nan ana farawa da launi mai haske, a bari ya bushe, a ɗora mai duhu. In ka juya tsarin, an gama. Babbar cutar sabon hannu kuwa ita ce komawa. Ya shafa launi, ya ga wani wuri bai yi masa ba, ya mayar da burushi tun wurin yana da danshi. Sabon ruwan sai ya ture launin da ya fara kwanciya, ya bar tabo mai baki-baki, ko duk wurin ya zama taɓo. Koyon ɗauke hannu ya fi koyon shafawa wuya, kuma ba a koyar da shi da baki. Sai an ɓata shafuka da yawa.

Launi uku sun ishe ku farawa: ja, rawaya, shuɗi. Akwati mai launi ashirin da huɗu lalaci yake koyarwa. Wanda ya haɗa korensa da kansa shi ke gane cewa ganyen darbejiya da na mangwaro ba kore ɗaya ba ne, kuma katangar ƙasa da rana tsaka ba launinta ɗaya da na yamma ba. Takardar da aka yi don wannan aiki ita ce mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ta auduga ta fi, domin ba ta tattarewa in ta jiƙe. Ga na kullum, kowace takarda mai ɗan kauri za ta yi, a rage ruwa kawai.

Sai wani abu da littattafan koyarwa na waje ba za su faɗa maku ba, domin marubutansu a ƙasashen danshi suke. A hunturu, ko a zafin bazara, fentin nan bushewa yake kafin ka ɗebo na biyu. Umarnin da za ka ji cewa a jiƙa takarda a jira minti kaza, a nan ba ya aiki. Ku haɗa launi da yawa tun farko, ku yi aiki a inuwa nesa da fanka, ku ɗauki ƙaramin fili. Da damina kuma lissafin ya sake. Wanda yake yi kullum ne kaɗai zai san wannan a jikinsa, domin ya bi takarda cikin yanayin shekara duka. Kuma ƙurar hunturu kanta abin zanawa ce. Yadda take cinye nesa, ta mayar da itatuwa ruwan toka, babu fentin da ya kai na ruwa iya kama ta.

Kun san labarin ɗaliban nan na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. An fi tuna su da ƙin bin tsarin koyarwar Turawa ido rufe. Abin da ake mantawa shi ne, salon da suka fito da shi daga duba abin gida ya zo. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya yi ta bin layinsa da alƙalami har ya zama nasa. Ku da kuke cewa kuna neman salonku, ga dagi a jikin gini, ga aikin aska takwas a babbar riga, ga zanen ƙwarya. Ku kwafe su shafi bayan shafi. Bayan wata shida ku buɗe littafin daga farko, za ku tarar akwai abin da hannunku ke komawa gare shi ba ku sani ba. Daga nan ake kama zaren.

Na ga hannu a can baya. Bismillah.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko ya dace a riƙa ɗora zanen kullum a Instagram ko WhatsApp.)

To, 'yata, ba na hanawa, yana ma sa wasu su dage. Amma na lura da abu ɗaya. Da zarar ɗalibi ya san za a gani, sai ya koma zana abin da ya riga ya iya, domin a yaba. Furen nan dai, faɗuwar ranar nan dai. Littafin kullum wurin gwada abin da ba ki iya ba ne, kuma hakan ba ya yiwuwa da 'yan kallo a kanki. Shawarata, ki zaɓi ɗaya a mako ki ɗora, sauran shida ki rufe littafinki.

(Wani ɗalibi ya tambaya abin da zai yi in ya yi fashin kwanaki.)

Ka buɗe shafi na gaba ka rubuta kwanan watan yau. Kada ka ce sai ka rama, ba azumi ba ne. (Dariya.) Masu ƙoƙarin biyan bashin shafi goma a dare ɗaya su ne ke ajiye littafin gaba ɗaya.

Malam shugaba yana nuna mani agogo. Ga takardu nan da ruwa a kan tebur na gefe, an kuma kawo albasa. Kowa ya ɗauki ɗaya, mu raba ta biyu, mu yi shafin yau kafin a kira la'asar. Wassalamu alaikum.